SHARUƊƊAN DA BA SU FITO FILI BA: DARASI KAN YARJEJENIYA DA RIGIMAR CACAR ƘWALLO

Gabatarwa

Manufar wannan darasi ita ce a wayar da kan jama'a game da wani al'amari da ke jawo asarar dukiya da ɓacin rai a garuruwanmu, watau rigimar da kan tashi tsakanin kamfanonin cacar wasanni da mutanen da suke zuba musu kuɗi. Sau da yawa tushen rigimar bai wuce kalma ɗaya ko biyu da aka rubuta cikin sharuɗɗan kamfani ba, waɗanda kamfanin ya fahimta ta wata fuska, mai zuba kuɗi kuma ya fahimta ta wata.

Tun da farko ya wajaba mai karatu ya sani cewa wannan ƙasida ba ta kiran kowa zuwa ga caca. Musulunci ya haramta ta a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, shugabannin addinin Kirista ma ba su daina gargaɗi a kanta ba. Amma kowa ya san cewa abin da a da sai mutum ya taka zuwa wani shago a ɓoye, yanzu ya shigo aljihun samari ta wayar hannu. A Maiduguri, garin da ke da ƙungiyar El-Kanemi Warriors wadda ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 1991 da 1992 da kuma 2024, son ƙwallo ya yi ƙarfi ƙwarai, kuma ta wannan ƙofa ce kamfanonin caca suke samun shiga, daga Gwange har Bulumkutu. Bugu da ƙari, ƙa'idojin da za a bayyana a nan su ne dai waɗanda ake aiki da su a kan takardar rancen banki, da inshorar mota, da tikitin jirgi, da rancen da ake ci ta waya. Saboda haka darasin zai amfani har wanda bai taɓa kusantar caca ba.

1. Matsayin Doka

Kafin a yi maganar fassara yarjejeniya, sai an tabbata cewa doka ta yarda da ita tukuna.

Dokokin laifuffuka na Arewa da suka fara aiki a 1960 sun tanadi hukunci a kan buɗe gidan caca. A 1977 Gwamnatin Soja ta Tarayya ta kafa doka ta hana na'urorin caca. A 2005 aka kafa Dokar Caca ta Ƙasa, da hukumar tarayya mai ba kamfanoni lasisi. To, amma Jihar Legas ta kai ƙara tun 2008 tana cewa wannan hurumin jihohi ne. Ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa Majalisar Tarayya ba ta da ikon yi wa jihohi doka a kan caca, kuma dokar 2005 ba ta aiki sai a Babban Birnin Tarayya, Abuja. Watau tun daga ranar, kowace jiha ita ke da ikon halatta caca ko hana ta a cikin iyakarta. A shekarar 2024 ɗin ne kuma Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama.

Borno tana cikin jihohi 12 na Arewa da suka ɗauki Shari'ar Musulunci a farkon shekarun 2000. Wannan yana da babban tasiri ga mai niyyar kai ƙara, domin tsohuwar ƙa'ida ce cewa kotu ba ta taimakon mutum ya karɓi ribar yarjejeniyar da doka ta hana. Ko a Ingila, dokar 1845 ta mai da alkawarin caca abin da ba a iya nema a kotu, kuma haka aka zauna har sai da dokar 2005 ta sake lamarin. Saboda haka saurayin da ke zaune a Maiduguri, wanda ya zuba kuɗi ta waya ga kamfanin da ke da lasisin wata jiha, yana iya tarar da cewa ko da gaskiyarsa a kan ma'anar sharaɗi, ƙofar kotu ba ta buɗe masa yadda yake zato ba. Wannan shi ne haɗari na farko, kuma kamfani ba zai faɗa masa ba.

2. Yadda Ake Ɗaure Mutum Da Sharuɗɗa

A kasuwa, mai saye da mai sayarwa sukan yi ciniki, a taya, a yi albarka, har a daidaita a sallama. Yarjejeniyar kamfani ba haka take ba. Lauyoyin kamfani ne suke zama su tsara ta shafi bayan shafi, cikin Turanci mai nauyi, sa'an nan a ajiye wa mutum ɗan akwati a allon waya a ce ya taɓa don nuna ya amince. Ba shi da ikon sake ko da harafi ɗaya.

A wurin doka, taɓa wannan akwati kusan daidai yake da sa hannu a takarda. Wanda kuwa ya sa hannu a takarda, abin da ke cikinta ya hau kansa, ko ya karanta ko bai karanta ba, in dai ba yaudararsa aka yi ba. Cewa “ban karanta ba” ko “ba na jin Turanci sosai” ba kasafai take fid da mutum ba. Haka kuma Dokar Shaida ta 2011 ta hana a kawo maganar baka don a sake abin da aka rubuta a yarjejeniya, sai a wasu wurare kaɗan da ta keɓe. Ke nan abin da yaron shago ko wakilin kamfani ya faɗa da baki, cewa “kada ka damu, za a biya ka,” ba shi da nauyin abin da ke rubuce.

Malaman fiƙihu sun daɗe da gane haɗarin ciniki cikin duhu. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Borno da ƙasar Hausa, irin su Risala da Muhtasar, sun hana cinikin da ke da garari, watau wanda ba a san haƙiƙanin abin da za a samu ba. Hausawa kuma suna kiran irinsa cinikin biri a sama.

3. Inda Rigima Ta Fi Tashi

Akwai wurare guda huɗu da kalmomi suka fi rikita mutane.

Na ɗaya, ma'anar “nasara”. Ranar 7 ga Fabrairu, 2024, Nijeriya ta kara da Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a birnin Bouake. Minti 90 suka cika ana kunnen doki, 1 da 1. Aka yi ƙarin lokaci ba a sake ci ba, sa'an nan Nijeriya ta yi galaba da 4 da 2 a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Duk ƙasa ta kwana tana murnar nasara. To, a ɗauka wani ya zuba Naira 2,000 a kan cewa Nijeriya za ta ci wasan. A ganinsa ya ci. Amma a al'adar kamfanonin caca, in ba an faɗi wani abu dabam ba, “wasa” yana nufin minti 90 da 'yan mintocin da alƙalin wasa ya ƙara kawai. A wannan lissafi canjaras aka yi, kuɗinsa kuwa sun tafi. Haka ya faru a wasan ƙarshe na kofin duniya ranar 18 ga Disamba, 2022, inda Ajantina da Faransa suka cika minti 90 da 2 da 2, ko da yake Ajantina ce ta ɗauki kofin.

Na biyu, wasan da bai kammala ba. Ranar 12 ga Janairu, 2022, a garin Limbe na Kamaru, alƙalin wasan Tunisiya da Mali ya busa tashi a minti na 85, aka ci gaba, sa'an nan ya sake busawa kafin minti 90 su cika. Hukumar ƙwallon Afirka ta bar sakamakon yadda yake, Mali 1, Tunisiya 0. Idan sharaɗin kamfani ya ce ana mayar da kuɗi in “ba a kammala wasa ba,” shin wannan wasa an kammala shi ko ba a kammala ba? Mutum biyu masu hankali suna iya saɓawa a nan.

Na uku, sakamakon fili da sakamakon ofis. A watan Oktoba na 2024 aka karkatar da jirgin 'yan wasan Nijeriya zuwa filin jirgin Al Abraƙ a Libiya, suka kwana a can, suka komo gida ba a buga wasa ba. Daga baya hukumar ƙwallon Afirka ta ba Nijeriya nasara da 3 da 0. Wanda ya zuba kuɗi a kan Nijeriya zai ce ai hukuma ta ba ta nasara. Kamfani kuwa zai ce ba a taɓa ƙwallo ba, don haka uwar kuɗinsa kawai za a mayar masa.

Na huɗu, sharuɗɗan da kamfani ke kare kansa da su. Cikinsu akwai wanda ke ƙayyade iyakar abin da za a biya mutum komai yawan abin da tikitinsa ya nuna, da wanda ke ba kamfani ikon soke caca in ya ce an yi “kuskure bayyananne” ko na'ura ta sami tangarɗa, da wanda ke hana fid da kuɗin garaɓasa sai an sake zuba su sau da yawa, da wanda ke ba shi ikon rufe asusu in ya yi “zargin” maguɗi. Kalmomi irin su “bayyananne” da “zargi” suna da faɗi, kuma kamfanin ne ya naɗa kansa alƙalin ma'anarsu.

4. Yadda Kotu Take Fassara Sharaɗi

Idan magana ta kai gaban alƙali, kuma doka ta yarda a saurare ta, akwai matakan da yake bi ɗaya bayan ɗaya.

Da farko yakan ba kalmomi ma'anarsu ta yau da kullum. Kotunan Nijeriya sun sha nanata cewa ba aikin alƙali ba ne ya rubuta wa mutane sabuwar yarjejeniya. In sharaɗi ya fito fili ya ce minti 90 ake nufi, to magana ta ƙare, ko da kuwa alƙalin yana tausayin mai ƙara.

Na biyu, yakan karanta takardar gaba ɗaya, ba ya tsinke layi ɗaya ya bar sauran. Idan akwai sharaɗi na musamman a kan ƙwallon ƙafa, da wani na gaba ɗaya a kan dukan wasanni, na musamman shi ke rinjaye a kan abin da ya shafi ƙwallo.

Na uku, yakan duba al'adar sana'ar, in dai sananniya ce ga masu yin ta, kuma ba ta saɓa wa abin da aka rubuta ba.

In an bi duk waɗannan, amma har yanzu kalmar tana ɗaukar ma'ana biyu masu kyau, sai a zo ga ƙa'idar da lauyoyi ke kira da Latin contra proferentem. Ma'anarta ita ce: maganar da ta rikice, a kan wanda ya tsara ta ake fassara ta. Dalilin wannan a fili yake. Kamfani ne ya riƙe alƙalami, shi ke da lauyoyi, shi ke da lokaci. In da ya so ya fid da maganar fili da ya fid da ita. Tun da ya bar ta cikin duhu, shi ya kamata ya ɗauki asarar duhun.

Wata shari'a da aka yi a Ingila a shekarun 1950 ta nuna yadda ƙa'idar take aiki. Wata mota mai ɗaukar mutum 5 ta yi haɗari tana ɗauke da mutum 6. Kamfanin inshora ya ƙi biya, ya kafa hujja da sharaɗin da ya ce ba ya biya in mota ta ɗauki “kaya” fiye da ƙima. Kotu ta ce kalmar kaya ba ta nuna fasinja a fili ba; in kamfani fasinja yake nufi, sai ya faɗa. Aka umarce shi ya biya.

Lalle ne a lura cewa wannan ƙa'ida ita ce ta ƙarshe a jeri. Ba ta aiki don kawai mutum bai so sakamako ba, ko don shi kaɗai bai gane kalma ba. Sai kalmar ta zama mai harshen damo da gaske.

5. Sharaɗi Mai Tsanani Sai An Nuna Shi

Akwai wata ƙa'ida kuma, wadda ta shafi inda aka ajiye sharaɗi. Gwargwadon tsananin sharaɗi, gwargwadon ƙoƙarin da ya wajaba kamfani ya yi don mutum ya gan shi kafin ya amince. Wani shahararren alƙalin Ingila, Lord Denning, ya taɓa cewa a 1956 akwai sharuɗɗan da ba za su ɗaure mutum ba sai an buga su da jan tawada, da hoton jan hannu yana nuna su.

A Nijeriya wannan ya shiga rubutacciyar doka, watau Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye ta 1992. Sashe na 114 ya ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙi, wanda mutum mai matsakaicin ilimin karatu zai iya fahimta. Sashe na 127 ya hana sharuɗɗan da babu adalci cikinsu, kamar wanda ya karkata ƙwarai ga gefe ɗaya. Sashe na 128 kuwa ya ce sharaɗin da ke rage alhakin da ke kan kamfani dole ne a jawo hankalin mai saye gare shi a fili, tun kafin a ƙulla ciniki. Ke nan idan tikiti ya nuna wa mutum Naira miliyan 8 da manyan lambobi, alhali can cikin shafi na talatin an rubuta cewa ba a biyan fiye da miliyan 5, akwai tambayar da kamfani zai amsa.

Shari'o'i uku na kwanan nan daga Ingila sun cancanci nazari, ko da yake wasannin caca na intanet suka shafa, ba ƙwallo ba. A 2021 Babbar Kotu ta umarci kamfanin Betfred ya biya wani mutum kimanin fam miliyan 1.7 da ya ci a 2018. Kamfanin ya ce tangarɗar na'ura ce, amma kotu ta ga cewa kalmomin sharuɗɗansa ba su game irin wannan tangarɗa a fili ba, kuma ba a nuna wa mutumin su yadda ya kamata ba. A 2025 aka yi wa kamfanin Paddy Power irin wannan hukunci, bayan allo ya nuna wa wata mata ta ci sama da fam miliyan 1, shi kuwa ya biya ta kimanin fam 20,000. Amma a 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta kori ƙarar wata mata da ta nemi fam miliyan 1 daga kamfanin Camelot, domin kotu ta ga ƙa'idojin wasan a bayyane suke, an kuma ba ta damar karanta su. Fam 10 kawai ta ci. Hukuncin kotunan Ingila ba ya ɗaure alƙalan Nijeriya, sai dai sukan duba shi don neman haske. Abin da shari'o'in uku suka koyar shi ne, kamfanin da ya rubuta sharaɗinsa a fili ya kuma nuna shi, kotu tana bayansa.

6. Abin Da Wanda Ya Shiga Rigima Zai Yi

Wanda ya riga ya faɗa cikin irin wannan rigima, ko da kamfanin caca ko da wani kamfani dabam, sai ya kiyaye waɗannan abubuwa:

(a) Ya adana shaida tun da wuri: tikiti, da lambarsa, da hoton allon waya mai nuna rana da lokaci, da saƙon banki, da sharuɗɗan kamar yadda suke a ranar da ya amince, domin kamfanoni sukan sake su. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da shaidar da ta fito daga kwamfuta in an cika ƙa'idojinsa.

(b) Ya rubuta wa kamfani kokensa, ya nemi a nuna masa ainihin sharaɗin da aka dogara da shi, da lambarsa, a rubuce.

(c) Ya bincika wace jiha ce ta ba kamfanin lasisi, domin hukumar wannan jiha ce ke da iko a kansa. Yana kuma iya kai koke ga hukumar FCCPC.

(d) Ya nemi shawarar lauya kafin ya kashe kuɗi a kan ƙara. Marasa hali suna iya tuntuɓar Hukumar Ba Da Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976, su ji ko maganarsu tana cikin abin da take karɓa.

(e) Ya duba sharaɗin da ya faɗi inda za a yi shari'a. Da yawa sukan ce Legas, wadda ke nesa da Maiduguri da fiye da kilomita 1,500 a mota. Wasu kamfanonin ma ba su da ofis a Nijeriya ko kaɗan. Wanda ke bin Naira 50,000 zai iya kashe ninkinsu kafin a kira ƙararsa.

(f) Ya sani cewa in shekarunsa ba su kai 18 ba, ko ya yi amfani da sunan wansa ko asusun bankin wani, ya ba kamfani hujjar da zai riƙe kuɗin da ita.

Kammalawa

Doka ta yi tanadi domin kada mai ƙarfi ya fake da duhun magana ya ci haƙƙin mai rauni. Amma tanadin yana da iyaka: yana aiki ne a kan yarjejeniyar da doka ta halatta, a kan kalmar da ta rikice da gaske, kuma ga wanda ya riƙe shaidarsa. Kamfanin caca kuwa, ko da ya cika kowane sharaɗi, ya riga ya tsara lissafinsa yadda jimlar abin da yake karɓa za ta fi jimlar abin da yake biya; in ba haka ba da bai buɗe ba. Jama'ar Maiduguri, waɗanda suka sha wahalar shekarun tashin hankali, da gobarar Kasuwar Monday ta 2023, da ambaliyar madatsar ruwa ta Alau ta watan Satumba na 2024, sun fi kowa sanin darajar kuɗin da aka samu da gumi.

Ana roƙon iyaye, da malamai, da masu unguwanni, da shugabannin ƙungiyoyin matasa su karanta wa jama'arsu wannan darasi. Kowace irin takarda aka miƙo wa mutum, ta banki ce ko ta haya ko ta waya, kada ya sa hannu sai ya karanta, ko ya sami amintacce ya fassara masa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi Don Nazari

1. Wane canji hukuncin Kotun Ƙoli na 22 ga Nuwamba, 2024 ya kawo, kuma yaya ya shafi mazaunin Jihar Borno?

2. Don me maganar baka ta wakilin kamfani ba ta kai nauyin abin da aka rubuta ba?

3. A jera matakan da alƙali ke bi kafin ya fassara sharaɗi a kan wanda ya tsara shi.

4. Me ya bambanta shari'ar Betfred ta 2021 da ta Camelot ta 2024?

5. A kawo misalin wata yarjejeniya da ba ta caca ba, wadda sashe na 128 na dokar 2018 zai iya amfanin mai saye a cikinta.